Sirrin mutum a intanet ba a hannunsa kaɗai yake ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan batun tsare sirrin jama'a a intanet. Duk lokacin da aka taso da wannan magana, shawarar da ake bayarwa kusan iri ɗaya ce: mutum ya zaɓi kalmar sirri mai wuyar ganewa, ya guji danna duk abin da aka turo masa, ya karanta sharuɗɗa kafin ya amince da su. Shawarwari ne masu kyau, kuma ba na jayayya da su. Abin da ya dame ni shi ne, dukansu sun ginu a kan zaton cewa sirrin kowa yana hannunsa shi kaɗai, alhali yadda aka tsara intanet a yau, wani babban kaso na abin da kamfanoni suka sani game da mutum daga hannun wasu yake fita, daga 'yan'uwa da abokai da abokan aiki waɗanda ba su da ko kusa da niyyar cutar da shi.

Ba haka aka faro ba. Lokacin da Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin yanar gizo a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a shekarar 1989, burinsa shi ne masana su riƙa musayar takardun bincike cikin sauƙi, kuma a 1993 cibiyar ta sakar wa duniya fasahar kyauta. A wancan lokaci shafi ba ya tuna kowa. In mutum ya buɗe shi sau goma, sau goma zai ɗauke shi baƙo. A 1994 ne wani injiniyan kamfanin Netscape mai suna Lou Montulli ya ƙirƙiro abin da ake kira kuki, wato ɗan guntun rubutu da shafi ke ajiyewa a burauzar mai ziyara (manhajar da yake buɗe shafukan intanet da ita) domin ya gane shi in ya dawo, kuma amfanin da aka hango tun farko shi ne shafukan ciniki su iya tuna kayan da mai saye ya zaɓa kafin ya biya. Masu talla ne suka lura cewa idan kamfani ɗaya ya sa tallansa a shafuka dubu, zai iya karanta kukinsa a dukan shafukan nan, ya harhaɗa tarihin inda mutum ya shiga da abin da ya duba. Daga nan aka iso inda muke, inda a ɗan lokacin da shafi ke buɗewa, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ake yin gwanjon gurbin tallan da mai karatu zai gani, ana aika bayani kan na'urarsa da yankin da yake zuwa ga kamfanonin da bai taɓa jin sunansu ba.

Wannan ɓangare an sha faɗinsa. Inda ba a cika tsayawa ba shi ne wani lissafi da ke cikin badaƙalar Cambridge Analytica, wani kamfani mai ba 'yan siyasa shawara kan yaƙin neman zaɓe, wadda ta fito fili a 2018. Mutanen da suka yi amfani da manhajar gwajin halayyar da aka kwashi bayanai da ita a Facebook kimanin 270,000 ne, amma Facebook da kansa ya ce mai yiwuwa bayanan mutum har miliyan 87 ne suka shiga hannun wancan kamfani. Dalili kuwa shi ne, ƙa'idar Facebook ta lokacin ta ba manhaja damar ɗibar bayanan abokan duk wanda ya amince da ita. In aka raba adadin, kowane mutum ɗaya da ya danna maɓallin amincewa ya tafi da bayanan mutum sama da 300 waɗanda ba a tambaye su ba, ba su ga manhajar ba, wataƙila ma daga cikinsu akwai masu tsananin takatsantsan da suke bin duk shawarar da na ambata a sama. A 2019 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5, tara mai nauyi ƙwarai, sai dai kuɗin ba su dawo da bayanan da suka riga suka fita ba.

Misalin da ya fi wannan tayar mini da hankali shi ne na kamfanin 23andMe, wanda mutane ke aika wa yawunsu domin a bincika ƙwayoyin halittarsu a gaya musu asalinsu da danginsu. A 2023 masu kutse suka shiga asusun mutum kimanin 14,000, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da aka sace daga wasu shafuka daban. To amma da yake kamfanin yana da tsarin haɗa mutum da waɗanda suke da dangantakar jini da shi, ta waɗannan asusai masu kutsen suka kai ga bayanan mutum kusan miliyan 6.9. Ana iya sauya kalmar sirri cikin minti ɗaya, ba a sauya ƙwayoyin halitta, kuma duk ɗan'uwan da ya miƙa nasa ya miƙa wani yanki na na iyayensa da 'ya'yansa da jikokin da ba a haifa ba tukuna. Da kamfanin ya shigar da takardar karyewar arziki a watan Maris na 2025, sai wata tambaya ta taso wadda ba na jin masu aika yawu sun yi tunaninta tun farko, wato hannun wa wannan taska za ta koma.

Kada mai karatu ya ce waɗannan al'amura sun yi masa nisa, domin irinsu na faruwa a wayarsa kullum. Sabuwar manhaja ta nemi izinin ganin jerin lambobin da ke cikin waya, mai wayar ya amince don ya wuce da sauri, nan take sunaye da lambobin ɗaruruwan mutane su tafi manyan kwamfutocin kamfani, kowanne da irin sunan da aka ajiye shi da shi, wanda sau da yawa yana bayyana sana'arsa ko dangantakarsa da mai wayar. Mutumin da ya ƙi buɗe asusu a wata kafar sada zumunta saboda tsare kansa, idan abokansa hamsin suna ciki, an riga an san sunansa da lambarsa da mutanen da yake hulɗa da su. Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, ya amsa a gaban majalisar dokokin Amurka a watan Afrilun 2018 cewa kamfaninsa yana tattara wasu bayanai a kan mutanen da ba su da asusu, ya ce saboda dalilan tsaro ne.

Haka nan batun kulle saƙo. Tun 2016 WhatsApp ya kammala tsarin da ke sa mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya karanta abin da aka rubuta, kuma wannan ci gaba ne na gaske da ya cancanci yabo. Amma kullewar ba ta ɓoye bayanan da ke kewaye da saƙon, kamar wa yake hulɗa da wa da kuma lokacin da ya shiga, sannan ba ta da wani iko a kan abin da mai karɓa zai yi. Shi ne zai ɗauki hoton hirar ya tura gaba, shi ne zai jefa lambar mutum cikin zauren da ke da ɗaruruwan baƙi ba tare da ya tambaye shi ba, shi ne zai ɗora hoton jariri ko na majinyaci a gadon asibiti ko na wanda haɗari ya rutsa da shi, da nufin neman addu'a ko taya murna. Niyyar mai kyau ce, amma magana zarar bunu ce, kuma yaron da aka cika intanet da hotunansa tun yana goye zai girma ya tarar an rubuta masa tarihin da ba a nemi ra'ayinsa a kai ba.

Masu cewa ba su da abin ɓoyewa su dubi abin da ya faru da Strava, manhajar da masu motsa jiki ke auna gudunsu da ita. Kamfanin ya wallafa taswirar hanyoyin da masu amfani da manhajar suka bi, babu sunan kowa a jiki, amma a watan Janairun 2018 aka gano cewa taswirar ta zana siffar sansanonin soja a ƙasashe irin su Siriya da Afganistan, saboda sojoji suna zagaya su da gudu. Babu sojan da ya tona asiri shi kaɗai. Haɗuwar sawunsu ce ta tona.

Dokoki sun yi ƙoƙari. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta ba da damar cin tara har kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara a duk duniya, kuma a ƙarƙashinta aka ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, tarar yuro biliyan 1.2 a 2023. Sai dai abin da mai karatu ya fi gani a aikace shi ne akwatunan neman izinin kuki da suke tare masa shafi, waɗanda galibi an sa maɓallin amincewa ya fito fili, an tura na ƙin amincewa can ciki, har mutane suka saba da dannawa ba tare da karantawa ba. Da kamfanin Apple ya tilasta wa manhajojin wayoyinsa su nemi izinin bin sawun mutum a sarari a 2021, da zaɓi biyu a gaban mai waya, mutane da yawa suka ƙi a bi sawunsu, har Meta ya ce sauyin zai rage masa kimanin dala biliyan 10 a 2022. Wannan ya nuna mini cewa jama'a sun damu da sirrinsu, tambayar ce ba a yi musu da gaskiya. Duk da haka, ko wannan tambaya mai gaskiya mutum ɗaya ake yi wa, kuma babu akwatin da ke tambayar mutanen da ke cikin wayarsa ko cikin hotonsa.

Don haka a ganina masu yin doka su rage dogaro da amincewar mutum ɗaya, su taƙaita abin da kamfani zai iya karɓa game da wanda ba ya wurin, ko da mai wayar ya yarda. Mu kuma masu amfani da waya mu ɗauki lambar wani da hotonsa da hirarsa a matsayin amanar da aka ba mu, mu tambaye shi kafin mu sa shi a zaure ko mu wallafa fuskarsa, mu hana manhajar da aikinta bai shafi kiran waya ko aika saƙo ba ganin jerin lambobinmu.

Ranka ya daɗe, jaridu ma suna da nasu kason. Shafukan labarai da yawa suna ɗauke da kukin masu talla, kuma abin da mutum ke karantawa game da cuta ko bashi ko shari'a yana faɗin abubuwa da yawa a kansa. Ina roƙon jaridarku ta bayyana wa masu karatu da Hausa mai sauƙi irin bayanan da shafinta ke tattarawa da waɗanda take ba wa, ta kuma riƙa rufe fuskokin yara da na waɗanda bala'i ya auka wa kafin ta buga hotunansu.

Na gode da ba ni wannan fili. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum