Likitoci, ku riƙa fara yi wa maza tambayar

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da likitocinmu na Kano a kan abin da ke yi wa maza nauyi a baki.

Shekarata 54, ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. Shekara 9 ke nan ina fama da ciwon suga, daga baya hawan jini ya biyo baya. Duk sintirin da nake yi a asibiti, a ɗebi jini, a ɗaura min abin awo a damtse, a rubuta magani, ba wanda ya taɓa tambayata yadda muke da iyali. Alhali ƙarfina ya ja baya tun shekara 3 da suka wuce. Na ɗora wa basir laifi, kamar yadda kowa ke yi. Na sha jiƙe-jiƙen masu lasifika a bakin kasuwa, na sayi ƙwaya a kemis ba takardar likita. Har wata biyu na yi ban sha maganin hawan jinina ba, don wani maƙwabcina a kasuwa ya ce shi ke kashe namiji.

A Sha'aban ɗin da ya wuce Allah ya haɗa ni da wani likita matashi, sa'an ɗana na fari. Da ya gama duba katina, sai ya ce wa yaron da ya rako ni ya ɗan jira a waje. Ya tura ƙofa, ya juyo da kujerarsa.

"Baba, akwai tambayar da nake yi wa duk mai suga. Yaya lamarin shimfiɗa?"

Na sunkuyar da kai, ina murza carbi. Da ƙyar bakina ya buɗe, amma da ya buɗe ban rage komai ba.

Ya ce suga yana lalata ƙananan jijiyoyi, kuma hanyoyin jinin da ke gaban namiji sun fi na zuciya ƙanƙanta, shi ya sa matsalar kan fara bayyana a nan, wani lokaci shekaru kafin ciwon zuciya. Ya ce gaskiya ne wasu magungunan hawan jini na rage ƙarfi, amma canza su ake yi, ba a daina sha. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙwayar nan ta sildenafil, wadda aka fi sani da Viagra: in ta haɗu da maganin ciwon ƙirji da ake sawa a ƙarƙashin harshe, jini kan yi ƙasa farat ɗaya, har a rasa rai. Kuma akan ɓoye ta a cikin wasu magungunan kwalba da ake ce musu na gargajiya.

Haka batun ciwon sanyi. A yi wa uwargida magani, a bar maigida ba a tambaye shi komai ba, ya sake mayar mata, ya kai wa amarya.

Na san layi na da tsawo, likitoci kaɗan ne. Amma mu an tarbiyyantar da mu da kunya, Bahaushe ba zai fara wannan zance ba, balle a ɗakin da likita biyu ke duba mutane, wasu kuma na leƙowa ta ƙofa. Ina roƙon shugabannin asibitoci su samar da ɗakin da ake rufewa, likita kuma ya fara tambayar, da Hausa mai mutunci.

An canza min magani, sugana ya fara daidaita. Maƙwabcin nan nawa ma ranar Talata zan raka shi.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Gwammaja, Kano