Roƙon tallafi: bangon Islamiyyarmu na neman faɗo wa yara

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Kwamitin Islamiyyarmu ta nan Agege ne ya sake zuwa muku da ƙoƙon bara, kuma wallahi wannan karon abin ba na jira ba ne.

Duk wanda ya bi ta bayan makaranta ya ga benen da ake ɗagawa jikinmu. Tunda magina suka haura sama duwatsu da guntayen bulo ke suɓuto musu suna dukan bangon ajin ƙananan yara, yanzu ya tsage tun daga ƙasan taga har kusa da kwano, yatsa na shiga ciki, filasta na zubowa kan allunan yara. Masu ginin sun sa raga bayan mun yi ta sintiri, amma ɓarna ta riga ta auku.

Maginin da muka kawo ya ce shi bulo nauyi daga sama yake iya ɗauka, duka daga gefe ne ba ya jurewa, balle irin namu inci 6 mai rami da aka yi wa rowar siminti kuma babu ginshiƙi ko ɗaya a tsawon bangon. Dutse kuwa iya nisan da ya faɗo iya ƙarfin dukansa. Shawararsa a rushe a sake da inci 9, a cika ramukan da kankare, a tsayar da ginshiƙai masu rodi sannan a ɗaure da linta. Faci ɓarnar kuɗi ne kawai inji shi.

Ba mu manta da benen da ya rufta da 'yan makaranta a unguwar Ita Faji da ke tsibirin Legas a 2019 ba, Allah ya kiyaye mu da ganin irin wannan rana.

Bara da muka nemi kuɗin kwano, mata masu waina da 'yan acaɓa ne suka fitar da mu kunya, Allah ya saka musu da Aljanna. Amma wasu manyanmu da suka ɗaga hannu a masallaci aka yi musu kabbara, har yau sunayensu na nan a littafin sakatare, shiru kake ji. Alhazai, ba gori ba ne, 'ya'yanku ne fa ke zaune gindin bangon nan.

Buhun siminti, rodi, tifar yashi, ko abin da ya sawwaƙa na kuɗi, duk muna so kafin ruwan Yuni ya kankama. Leburanci ma taimako ne, matasa ku fito ranar Lahadi. Ma'aji yana masallaci kullum bayan Isha'i, kuma a karɓi rasit don Allah.