Zuwa ga abokan cinikinmu: kafin ku kawo mana furojet ɗinku bana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Muna gaida malamai da ɗalibai da ma'aikata da duk mai shigowa shagonmu, daga Samaru da Kongo da Shika, har mutanenmu na Sabon Gari da Tudun Wada da cikin birni. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci. Lokacin kare furojet ya matso, kuma kowa ya san yadda shagon yake zama a irin wannan lokaci: layi har bakin ƙofa, kowa da filashi a hannu, kowa na rantsuwa gobe ce ranar ƙarshe. A cikin wannan hayaniya ba a iya yi wa mutum bayani ya gane. Shi ya sa muka ga gara mu rubuta tun ana da sarari.

Tambayar da ta fi yawa ita ce ko za mu saka wa mutum SPSS, manhajar nazarin ƙididdiga, a laftof ɗinsa, to ga amsa a rubuce: ba ma saka wa kowa wanda aka fasa, wato kirak, ko da kuɗi ko kyauta. SPSS kayan sayarwa ne. Tun 1968 ake amfani da shi, kamfanin IBM ya saye shi a 2009, kuma da lasisi yake aiki. Ban da batun haƙƙin mai shi, ku lura da abu guda. Kusan duk kirak ɗin da za ku sauke, umarninsa na farko shi ne ku kashe manhajar tsaron kwamfutarku kafin ku saka shi. Mutumin da ba ku san shi ba, ba ku biya shi ko sisi ba, yana roƙonku ku kashe tsaro a laftof ɗin da ke ɗauke da aikinku na shekara guda da imel ɗinku. Yawancin laftof ɗin da ake kawo mana suna nauyi ko suna buɗe tallace-tallace da kansu, idan aka bi sawu, a nan abin ya faro.

Ba kuma a rasa mafita ba. Akwai jamovi, kyauta ce, tana buɗe fayil ɗin SPSS mai ƙarewa da .sav, kuma duk gwaje-gwajen da ɗalibin digirin farko ke buƙata suna ciki. Akwai JASP ta Jami'ar Amsterdam, akwai PSPP wadda aka gina ta ta yi kama da SPSS har a fuska. Wanda ke digiri na biyu ko na uku, musamman 'yan aikin gona da likitanci, mu dai shawararmu ya daure ya koyi manhajar R. Malamai biyu ne, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka fara ta a Jami'ar Auckland, kyauta ake sauke ta daga shafin CRAN, a haɗa da RStudio, manhajar da ke sauƙaƙa aiki da ita. Makon farko za ta ba ku haushi, babu ɓoye-ɓoye, amma ba za ta taɓa rufe muku ƙofa ana saura kwana biyu a kare aiki don lasisi ya ƙare ba. Idan kuwa malamin da ke duba aikinku ya ce sai SPSS, ku fara tambaya a sashenku ko akwai kwamfuta mai lasisi. IBM ma na ba da na gwaji na ɗan lokaci. Dabarar ita ce kada ku sauke shi sai kun gama shigar da bayananku tsaf, don kada kwanakin gwajin su ƙare kuna kan buga lambobi.

Gaskiyar magana ma, ba a manhajar ake faɗuwa ba. A wurin shigar da bayanai ne, kuma a nan muke so ku ba mu hankalinku. Kai bayanai marasa tsabta ga SPSS tamkar kai masara niƙa ne ba a tsince tsakuwa ba: injin zai niƙa, ba zai yi gardama ba, a tuwo za a ji.

Kafin ku buɗe Excel, ku ɗauki biro ku sa wa kowace takardar tambayoyi lamba a sama, 1, 2, 3 har ƙarshe, kuma wannan lamba ta zama ginshiƙin farko. Ranar da aka ga mai shekara 230 a cikin bayananku, da ita za ku koma ku zaro takardar ku duba. Kowane mutum layi ɗaya, kowace tambaya ginshiƙi ɗaya. Layin sama sunayen tambayoyi ne kawai, gajeru, ba tazara a tsakiya, kada su fara da lamba, domin SPSS ba ya karɓar irin wannan suna. Kada a haɗe akwatuna don ado, kada a sa jimla a ƙasa, kada a dogara da launi, domin SPSS bai san me ja ko kore ke nufi a wurinku ba. Wanda ya rubuta "Namiji" a wani wuri, "namiji" a wani, "M" a wani, to ya samar da jinsi uku kafin a zo kan mata. Ku sa 1 da 2, ku rubuta ma'anarsu a wata takarda daban.

Excel kuma yana da karambani. Ku buga 10-12 a matsayin rukunin shekaru, kuna danna Enter sai ku ga ya mai da shi kwanan wata. Ku buga lambar waya mai farawa da 080, sai ya cinye sifirin farko. Maganin duka biyun shi ne a zaɓi ginshiƙin a mai da shi Text tun kafin a fara bugawa. Bayan an buga, gyaran ya fi wahala.

Sai batun 99. An saba sa 99 a inda mutum bai amsa tambaya ba, kuma babu laifi, muddin an shiga Variable View, shafin da ake bayyana kowace tambaya, an gaya wa SPSS, a ƙarƙashin Missing, cewa 99 na nufin babu amsa. In ba a gaya masa ba, ga abin da ke faruwa. A ce ɗalibi ya je Giwa ya tambayi manoma 10 yawan 'ya'yansu. Tara sun ce biyar-biyar, ɗaya ya ƙi amsawa, aka sa masa 99. Kwamfuta za ta haɗa 45 da 99 ta raba gida 10, ta ba shi 14.4. Teburi zai fito da kyau, a buga, a ɗinke, sai a gaban malamai wani ya ɗaga kai ya ce, "Malam, a wane ƙauye ne kowane manomi ke da 'ya'ya goma sha huɗu?" Don haka gwajin farko kullum shi ne Frequencies, mai ƙirga sau nawa kowace amsa ta fito, a kan kowace tambaya, a zauna a karanta da ido, kafin a taɓa wani abu.

Abu uku ƙanana. Idan kun ga .000 a ƙarƙashin Sig. a teburin sakamakon gwaji, ba sifiri ba ne, ku rubuta p < .001. Sannan a kowane akwatin gwaji akwai maɓallin Paste kusa da OK. Shi ke ajiye umarnin da kuka bayar a fayil ɗin Syntax, ta yadda in malami ya ce a cire mutum biyar a sake, ba sai kun zauna kuna tuna abin da kuka danna wata uku da suka wuce ba. Masu Stata, wata manhajar ƙididdigar, kuma su sani ba kullum tsohuwar Stata ke buɗe fayil ɗin sabuwa ba, wani lokaci sai an ajiye shi da umarnin saveold.

Wani abin da ba ma yi, kuma gara a ji shi tun daga nesa: ba ma cike wa kowa takardun tambayoyi, ba ma kuma juya lambobi don Sig. ya sauka ƙasa da 0.05, iyakar da aka saba cewa an samu bambanci. Sakamakon da ya nuna babu bambanci shi ma sakamako ne, ana rubuta shi a kare shi.

Yanzu batun turo mana aiki ta WhatsApp. Don Allah a turo a matsayin Document. Hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, WhatsApp na matse shi, shi ya sa hoton fasfo ko taswira ke fitowa dishi-dishi a takarda, a ce injinmu ne. Kada kuma a ɗauki hoton allon kwamfuta da waya a ce mu kwafe teburin. A turo fayil ɗin kansa, WhatsApp na ɗaukar har 2GB, alhali Gmail 25MB kawai yake bari a maƙala. Idan kun taɓa fayil ɗin .sav a waya ya ƙi buɗewa, bai lalace ba, wayar ce ba ta da abin buɗe shi.

WhatsApp ba ma'ajiya ba ce. Saƙonninku a wayarku suke, in waya ta faɗa ruwa ko aka zare ta a kasuwa alhali ba a kunna ajiya a Google Drive ba, shi ke nan. Google na ba kowane asusu 15GB kyauta, kuma furojet gaba ɗayansa da wuya ya ci wani abin kirki a ciki. Telegram ta fi a wannan fanni, domin abin da kuka tura wa kanku a Saved Messages yana nan ko kun sauya waya. Sai dai hirar yau da kullum ta Telegram ba ta da irin kullen da WhatsApp ke da shi daga mai turawa zuwa mai karɓa, sai an buɗe Secret Chat. Wannan ya shafi 'yan uwanmu na Shika da ke aiki da bayanan marasa lafiya. Ku cire suna da lambar waya da lambar kati kafin fayil ya bar hannunku, ko zuwa gare mu ne. Lambar da kuka sa da biro ta ishe mu aiki. Amana ce, kuma tun 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan mutane.

Wanda ya haɗa WhatsApp ɗinsa da kwamfutarmu, kada ya tashi sai ya fita. Rufe shafin ba fita ba ne. Ku buɗe Linked devices a wayarku, ku duba, ku cire duk na'urar da ba ku gane ba. Muna dubawa, amma ranar cunkoso ido ba ya kai ko'ina. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta tes kuwa ba a ba kowa, ko da wanda ya kira ya ce shi ne shugaban ajinku ko sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai zai saka ku a taro. Da su ake ƙwace asusu, a bi 'yan uwa da iyaye ana neman bashi da sunanku. Ku kunna Two-step verification yau, minti biyu ne. Masu GB WhatsApp da danginsa, ba na kamfanin ba ne, ana iya rufe lambarku a kansa, kuma ba mu da yadda za mu buɗe muku.

Saukar da fayil kuma, mafi yawan kukan da muke ji na data ne da wuta. Ku san cewa gudun da ake tallatawa da megabit ake auna shi, girman fayil kuwa da megabait, kuma megabit 8 ne megabait 1. Layin da ke ba ku megabit 8 a daƙiƙa zai ɗauki kimanin minti 17 kafin ya sauke 1GB, in bai yanke ba. Babban fayil a bar shi sai dare, lokacin da layi ya sake, a kuma tabbata batir ya cika. Idan ya yanke, kada ku goge guntun da ke ƙarewa da .crdownload a Chrome ko .part a Firefox. Ku koma jerin abubuwan da kuka sauke ku danna Resume, sau da yawa daga inda ya tsaya yake ci gaba. Free Download Manager ma na wannan aiki, kyauta. Mai jona laftof da wayarsa ya shiga saitin Wi-Fi ya kunna Metered connection, in ba haka ba Windows zai shanye datar wata guda yana sabunta kansa.

Ku sauke manhaja daga shafin masu ita. Katon maɓallin nan kore mai walƙiya da ke cewa Download a tsakiyar shafi, galibi talla ne. Ku kuma sa Windows ya riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, a ƙarƙashin View, domin a ɓoye yake zuwa. Littafin da aka ce PDF ne amma sunansa ya ƙare da .exe, ba littafi ba ne, kada a buɗe.

Daga wannan mako, duk filashin da aka kawo zai fara bi ta kwamfutar da ke bakin ƙofa a duba shi kafin ya shiga sauran. Zai ƙara muku ɗan jira, ku yi haƙuri. Idan kun sa filashinku kuka ga manyan fayilolinku duk sun koma 'yan gajerun hanyoyi masu alamar kibiya, kada ku danna su, kada kuma ku yi fomat. Yawanci bairos ɗin ɓoye fayilolin ya yi, bai goge ba, kuma muna fito da su ba tare da mun karɓi ko kwabo ba. Haka nan duk ranar Asabar da yamma muna share abin da aka bari a kwamfutocinmu, don haka kada kowa ya ɗauka akwai kwafinsa a wurinmu.

Mai zuwa nazarin ƙididdiga ya taho da abu huɗu: fayil ɗin bayanansa na asali wanda bai taɓa ba, takardar tambayoyi guda wadda ba a cike ba, takardar ma'anar lambobinsa, da babin farko mai ɗauke da manufofin bincike da hasashensa. In son samu ne, a zo da safe kafin layi ya taru. Ranar Juma'a muna rufewa da ƙarfe 12:30, mu buɗe bayan an sauko daga masallaci.

Allah Ya ba da sa'ar kare aiki, Ya sa a gama lafiya.

Wassalam,
Masu shagon buga takardu da gyaran kwamfuta,
Samaru, Zariya.