Hannun jarin da aka sayar don biyan haraji: a duba adadin da manhaja ta ɗauka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, tare da duk ma'aikatanka. Daga Houston ta jihar Texas nake rubuto wannan wasiƙa, domin na san 'yan'uwanmu da ke aiki a Amurka suna karanta jaridarka ta intanet, kuma wa'adin miƙa takardun haraji a nan, 15 ga Afrilu, yana tafe. Lissafin kuɗi ne sana'ata. Duk shekara a irin wannan lokaci matasanmu da ke kamfanonin fasaha da na mai sukan kawo mini takardunsu, kuma kuskure ɗaya nake ta gani: biyan haraji sau biyu a kan hannun jarin da kamfani ya ba su.

Kamfanoni da yawa a nan suna haɗa albashi da hannun jarin da ake kira RSU. Alkawari ne: kamfani ya ce idan ka yi shekara kaza kana aiki, hannun jari kaza ya zama naka. Ranar da wa'adin ya cika, hukumar haraji ta IRS tana ɗaukar darajarsa a matsayin albashi, kuma kamfani yana sa adadin a akwati na 1 na W-2, takardar da ke nuna albashinka da harajin da aka cire maka a shekara. Tunda albashi ne, dole a cire haraji nan take. Hanyar da aka fi bi ita ce dillalin da ke riƙe da asusun hannun jarinka ya sayar da wani kaso na hannun jarin a ranar ko washegari, a miƙa kuɗin ga gwamnati. Ma'aikacin bai danna komai ba, bai ga kuɗin a hannunsa ba, shi ya sa da yawa suke rantsuwa cewa ba su sayar da komai ba.

Bari in kawo misali da lissafi mai sauƙi. A ce hannun jari 100 ya zama naka a ranar da kowane ɗaya yake dala 50. Albashin dala 5,000 ke nan ya shiga W-2. Gwamnatin tarayya tana cire kashi 22 cikin ɗari a irin wannan ƙarin albashi, ga kashi 6.2 na asusun fansho na ƙasa, ga kashi 1.45 na Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi. Mu a Texas ba mu biyan harajin albashi na jiha, amma wanda ke California ko New York sai ya ƙara nasa. Jimilla ta kusa dala 1,483, don haka dillali ya sayar da 30, a ce a kan dala 49.80, ya sami dala 1,494. Gaskiyar lamari a nan ita ce ka yi asarar dala 6, domin darajar 30 ɗin da aka riga aka yi maka haraji a kai dala 1,500 ce, wato dala 50 kowane ɗaya.

Sai watan Fabrairu ya yi, dillali ya aiko da takardar 1099-B, wadda ke nuna cinikin hannun jarin da aka yi a asusunka. A wurin kuɗin da aka samu an rubuta 1,494. A wurin asalin farashi kuwa, wato darajar da ake cirewa kafin a gane riba ko asara, sau da yawa sifili ne ko babu komai, saboda ba da kuɗi ka sayi hannun jarin ba. Manhajar cike haraji tana jawo takardar kai tsaye daga asusun, ta ga 1,494 a gefe ɗaya da sifili a ɗayan, ta lissafa duka a matsayin riba. Wanda samunsa na shekara ya sa shi a matakin harajin kashi 24 cikin ɗari zai ƙara kusan dala 360 a kan kuɗin da ya riga ya biya wa haraji. A misalina kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma wanda ake ba shi hannun jarin dala dubu goma ko fiye sau huɗu a shekara, abin da zai tafi masa a banza ya isa kuɗin tikitin zuwa gida da dawowa.

Gyaran ba shi da wuya. Dillalai sukan fitar da wata takarda ta ƙarin bayani tare da 1099-B, wadda ba ta zuwa wurin IRS, kuma a cikinta akwai farashin ranar da hannun jarin ya zama naka. A nemo ta a asusun. Bayan manhaja ta jawo cinikin, a buɗe kowane layi, a zaɓi inda ake cewa asalin farashin ba daidai ba ne ko babu shi, a rubuta na gaskiya. Abin da manhajar take cikewa a bayan fage shi ne fom 8949, wanda jimillarsa ke wucewa zuwa Schedule D, fom ɗin da ke tattara riba da asarar cinikin jari. Idan dillali bai kai rahoton asalin farashin ga IRS ba, rubuta shi kawai ake yi. Idan ya kai rahoton adadin da ba daidai ba, harafin B ake sawa a layin tare da bambancin. Ni dai ba na barin kowa ya tura takarda sai mun buɗe fom ɗin mun gani da ido, domin allon tambayoyi da amsoshi yakan ɓoye abin da ya faru a ƙasa.

Wasu kuma sukan share 1099-B gaba ɗaya, wai ai haraji aka biya da kuɗin. IRS tana da kwafinta. Bayan watanni, wani lokaci fiye da shekara, wasiƙar IRS mai suna CP2000 za ta iso tana neman haraji a kan dukan kuɗin cinikin, har da kuɗin ruwa. Akwai kuma masu sake rubuta dala 1,483 ɗin nan a matsayin harajin da aka cire, alhali tuni yana cikin W-2. Sau ɗaya ake lissafa shi.

Wani abu da ke ba mutane mamaki shi ne, duk da sayarwar nan, sai manhaja ta ce ana binsu bashi. Dalili shi ne kashi 22 ɗin ƙayyadadde ne, ba ya la'akari da matakin harajin da kake. Mata da miji masu albashi mai tsoka suna iya kasancewa a matakin kashi 32 ko 35, don haka giɓin yana jiransu a Afrilu. Wannan bashi na gaskiya ne, kuma gyara W-4, fom ɗin da ke gaya wa kamfani yawan harajin da zai riƙa cire maka, tun farkon shekara ne maganinsa.

Sauran hannun jari 70 ɗin ma a adana farashinsu na dala 50 da kwanan watan, domin daga ranar ake ƙirga shekara guda da ke raba ribar gajeren zango da ta dogon zango. Wanda kuma ya duba takardunsa na baya ya ga sifili a wurin asalin farashi, yana da damar neman kuɗinsa da fom 1040-X na gyara takardar haraji, a bisa ƙa'ida cikin shekara 3 daga ranar da ya miƙa ta farko.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka mai karatu,
daga Houston, Amurka