A yafe wa direba, amma a karɓe lasin ɗinsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya tsaya min a rai tun azumin da ya wuce. Maƙwabcina ne, mai faci, ƙofarmu na kallon juna shekara goma sha, ya fito bayan la'asar zai tsallaka titi ya sayo ƙanƙarar shan ruwa sai ga tifa ta ɗauko yashi ta biyo hannun da ba nata ba wai tana gudun go-sulo, ta bi ta kansa. Ni na tsinto silifas ɗinsa ɗaya a bakin kwata. Ya bar mata da yara biyar, ƙaramar ko yaye ba a yi mata ba.

An kama direban kam, ya kwana biyu a hannun hukuma. Ranar sadakar uku sai ga mai motar da dattawa, da buhun shinkafa da jarkar mai da 'yan kuɗi a ambulan, ana ta faɗa wa matar baiwar Allah ki yi haƙuri kwana ne ya ƙare, ita kuma tana takaba kanta a sunkuye me za ta ce? Wan mamacin ya ce sun yafe, shi ke nan magana ta mutu. Wallahi ba a yi sati uku ba na ga direban nan da idona a kan wannan tifar dai, da waya a kunne.

Kuma fa ba wai babu doka ba ne. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta 2007 ta ce wanda ya yi tuƙin ganganci har ya kashe rai zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 7, in ma ba a rasa rai ba akwai tarar naira 50,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko duka biyun. To dubu hamsin yau ko tayar tifa ɗaya ba za ta saya ba, ya kamata 'yan majalisarmu su sake duba ta. Amma ni ba tarar ce ta fi ci min rai ba, yadda maganar ba ta ma zuwa gaban alƙali ne.

Mun yarda da ƙaddara, babu mai ja. Amma Allahn da ya ƙaddara shi ne ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 92 wanda ya yi kisan kuskure akwai diyya da zai miƙa wa iyalan mamaci sai in su suka bar masa, ga kuma kaffara, wadda a yanzu azumin wata biyu ne a jere. Wannan fa kuskure ke nan, ina ga wanda ya bar hannunsa da gangan? Malamanmu don Allah ku riƙa faɗa wa magada haƙƙinsu kafin a nemi yafiya, marayu na da kaso a ciki, bai kamata a bar baffa ya yanke shi kaɗai a kan tabarmar gaisuwa saboda kunyar manya ba.

In sun yafe diyya Allah ya ba su lada, nasu ne. Titi kuwa ba nasu kaɗai ba ne, 'ya'yana ma nan suke tsallakawa zuwa Islamiyya kullum. Abin da nake roƙo, ko an yi sulhu a gida a kai fayil ɗin kotu, a karɓe lasin direban, a auna shi ko yana shan ƙwaya, a kuma tambayi mai motar takardar inshora da dalilin da ya sa yake biyan yaro da yawan lodin da ya yi a rana, don wannan ne ke sa su gudu kamar an koro su.

Babban ɗan marigayin yanzu shi ke zama a wurin facin, shekararsa sha huɗu, ya daina zuwa makaranta.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano