Rahoton Ayyukan Shekara: Shirin Kawo Ɗaliban Sakandare da Malamansu Ɗakunan Gwaje-gwajen Jami'a

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Kwamitin gudanarwa na gode wa Allah da Ya kai mu ƙarshen wannan shekarar karatu lafiya. Ga bayanin abin da aka yi da sunanku da kuma kuɗinku.

Ziyarar ɗalibai ta ci gaba kamar yadda aka saba. Makaranta takan zo da 'yan aji biyu da uku na babbar sakandare, a raba su rukuni-rukuni, su zaga sassan Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. A Bayoloji kowane yaro yakan ɓare fatar albasa da hannunsa, ya sa a maikiroskof ya ga ƙwayoyin halittarta jere. Daga nan sai a nuna musu jinin da aka rina da sinadarin Giemsa, su ga Plasmodium falciparum, ƙwayar da ke haddasa mafi yawan zazzaɓin cizon sauro a Najeriya. Ba yaron da bai san wannan zazzaɓi a jikinsa ba, shi ya sa fitar da su daga wannan ɗaki yake wuya. A Fiziks kuwa zare ne da ɗan ƙarfe da agogo: su yi lilo da shi, su ƙirga, su fitar da ƙarfin jan ƙasa kusa da 9.8.

Abin da ya fi damunmu a Kemistiri muka gan shi. Da yawa daga cikin yaran nan watanni kaɗan suka rage su zauna firaktikal na WAEC da NECO, amma ba su taɓa riƙe biyuret, wato bututun gilashi na auna ruwa, ba, a allo kawai aka zana musu. Ziyarar yini guda ba za ta cike wannan giɓi ba. Yaro zai koma gida da murna, ya ba da labari kwana biyu, sai allo da alli su ci gaba.

Saboda haka bana muka karkata ƙarfinmu ga malamai, kuma a ganin kwamiti wannan ne aikin da ya fi kowanne amfani. A bitar da aka yi musu lokacin hutu an ajiye kayan jami'a masu tsada gefe guda, aka shiga kasuwa. Ruwan zoɓo yana bambance asid da alkalin: a ɗiga masa lemun tsami, jansa ya ƙara fitowa, a zuba ruwan kanwa ko na toka ya koma kore mai duhu. Sirinji na iya auna ruwa inda babu biyuret. Batirin tocila da waya da ƙusa sun isa a haɗa maganaɗisun lantarki. Malamin da ya koma da waɗannan zai yi ta nuna wa aji bayan aji, ba sai ya jira kasafin kuɗi ba. Wasu daga cikinsu sun riga sun aiko da hotunan ɗalibansu suna gwajin zoɓon a ƙarƙashin bishiya. Mun kuma shawarce su da su yi rajista da ƙungiyar malaman kimiyya ta ƙasa, STAN, wadda take aiki tun 1957.

Ranar 11 ga Fabrairu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2015 don mata da 'yan mata a fagen kimiyya, makarantun 'yan mata kaɗai muka gayyata, kuma malamanmu mata da ɗalibai mata masu digiri na biyu ne suka jagoranci komai. Tambayoyin ranar sun fi na kullum zafi. Muna jinjina wa waɗannan 'yan uwa namu.

Kallon taurari bai zo yadda aka so ba, domin hazon hunturu ya rufe sama a daren farko. Da aka sake shiri bayan iska ta lafa, yara sun ga ramukan wata da manyan watanni huɗu da ke kewaya duniyar Mushtari (Jupiter), waɗanda Galileo ya fara hangowa a 1610.

Matsalar da har yanzu ba mu warware ba ita ce mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin haya ya fi ƙarfin makarantun karkara, sai ya zamana yawancin baƙinmu 'yan cikin gari ne da makarantun kuɗi, alhali waɗanda aka kafa shirin dominsu suna can ƙauye. Wannan bai yi mana daɗi ba ko kaɗan.

Kwamiti na ba da shawarar a haɗa akwatin kayan gwaji wanda mambobi za su riƙa kaiwa makarantun da kansu, a kuma ware kaso daga kuɗin wata-wata don man mota. Ma'aji zai gabatar da cikakken lissafi a babban taro. Masu bashin kuɗin ƙungiya su daure su biya kafin lokacin, wanda kuma yake da makarantar da yake so a fara da ita ya miƙa sunanta ga sakatare.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa