Rahoton Ayyukan Shekara: Horar da Malamai Kan Motsa Jikin Ɗalibai

'Yan uwa mambobi,

Bana kusan duk ƙarfinmu ya tafi ne wajen koya wa malamin aji yadda zai tsarma motsa jiki cikin darasinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a rana na motsin da zai sa shi haki. Binciken da ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan, 'yan mata kuwa kashi 85. Darasin wasanni sau biyu a mako ba zai toshe giɓin ba, komai ƙwarewar malaminsa.

Ga abin da muka koyar. Bayan zaman minti 20 zuwa 30, a tashi ajin na minti 3 zuwa 5. Jakunkuna ƙarƙashin tebur, kowa bayan kujerarsa. Malamin lissafi ya ce 3 sau 4, yara su amsa da tsalle 12. Sai alamar tsayawa: tafi biyu, dogon numfashi uku, a zauna. Wannan alamar ita ce ƙashin bayan aikin. Wanda bai kafa ta tun ranar farko ba, aji yakan kaure da hayaniya, cikin mako guda ya watsar.

Mun kuma aro tsarin Daily Mile da aka fara a wata firamare a Stirling ta Sikotilan a 2012: gudu ko tafiya da sauri na minti 15 a fili, ba canja kaya, ba gasa. Mai asma ya riƙe maganin shaƙarsa kusa.

Kuskurenmu babba shi ne horar da malami ɗaya tak a makaranta. Ana yi masa canjin wurin aiki, shirin ya bi shi. Lokacin jarrabawa ma motsa jiki ake fara yankewa, alhali sa'annan yara suka fi daɗewa a zaune. Akwai kuma masu mayar da tsallen kwaɗo horo, abin da ke sa yaro ya tsani motsi baki ɗaya. Wannan mun hana shi kai tsaye. Inda maza suka mamaye fili da ƙwallo, 'yan mata kan koma gefe, sai da aka raba filin gida biyu suka shigo.

Baɗi za mu horar da malamai uku a kowace makaranta har da shugabanta, a rubuta minti 15 ɗin cikin jadawali, mu koma duba aji bayan mako shida.

Kwamitin Gudanarwa